Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tabaraun Leza

Assalamu alaikum masu biye da ni. Makon jiya mun tsaya a kan na'urar leza mai zane a katako da fata. Yau zan jingine labarin, domin ba zan so wani ya karanta ya je ya kunna irin wannan na'ura ba tare da ya san batun tabarau ba.

Na'urorin da masu sha'awa suka fi saya su ne masu shuɗin haske, tsawon zangonsa, wato ma'aunin da ke bambanta launin haske, wajen nanomita 450, ƙarfinsa wat 5, 10 ko 20. A tsarin da ake raba leza, duk abin da ya haura miliwat 500, wato rabin wat, ya shiga aji na 4, mafi haɗari. Wanda ƙifta ido ke iya kare mutum daga gare shi kuwa shi ne aji na 2, wanda bai wuce miliwat 1 ba, domin ƙiftawar kanta tana ɗaukar kusan rubu'in daƙiƙa. Mai wat 10 ya ninka wannan sau dubu goma. Kafin fatar ido ta rufe, aikin gama ya gama.

Dalili kuwa, ido da kansa yake taimakon hasken. Kamar yadda gilashin ƙara girman rubutu ke tattara rana ya ƙona takarda, haka ido ke tattara duk haske daga nanomita 400 zuwa 1400 ya dasa shi a ɗigo guda kan tantanin bayan ido, ƙarfinsa ya ninku kusan sau dubu ɗari. Tantanin nan ba ya jin zafi. Mutum sai dai ya ga wani baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla, layin rubutu ya karkace, fuskar mutum ta rasa hanci. Inda ya ƙone sosai ba ya farfaɗowa.

Kuma ba sai ka leƙa bakin na'urar ba. Ƙarfen da ke ƙarƙashin katako, kan ƙusa, agogon hannu, zobe, kowannensu na iya mayar da hasken fuskarka.

To, wane tabarau? A nan ne aka fi yin asara. Kada ka duba launi ko duhu, duba rubutun da ke jikin gilashin ko ƙafarsa. Abu biyu za ka nema: zangon da yake tarewa, misali nanomita 190 zuwa 540, da lambar OD, wato ma'aunin yawan hasken da yake ragewa. Kowace lamba ɗaya tana rage hasken sau goma. OD 1 sau goma ke nan, OD 4 sau dubu goma. Yi lissafin da kanka: wat 10 miliwat 10,000 ne, ka raba da dubu goma, saura miliwat 1. Ka ga OD 4 a bakin iyaka ya ajiye ka. Ni a ganina kada mai irin wannan na'ura ya sauka ƙasa da OD 5, kuma lambar ta kasance a daidai zangon lezarsa, domin OD 6 a 1064 ba ya tsinana komai a 450. Wat ɗin da za ka yi lissafi da shi na hasken da ke fita ne, ba na wutar da na'ura ke ja ba, masu talla suna yawan cakuɗa su. Ka nemi shaidar gwaji irin ta EN 207 ta Turai. Tabaraun da ya zo kyauta cikin kwali babu rubutu a jikinsa, ɗauke shi a matsayin ado.

Tabaraun rana ya fi babu muni, saboda duhunsa yana buɗe baƙin ido, ƙofar ta ƙara faɗi. Na masu walda ma ba don wannan aka yi shi ba.

Akwai tarko a koren leza mai nanomita 532. Ana samar da koren ne daga haske mai 808 da 1064, waɗanda ido ba ya gani ko kuma da ƙyar yake gani, kuma masu araha sukan zo babu matatar da ke tare su. Ka sa tabarau ya ɗauke koren, ka saki jiki, wanda ba ka gani yana shiga. Lezar CO2 mai nanomita 10,600 ita kuma gaban ido take ƙonawa, nata tabaraun daban.

Sa tabarau kafin ka taɓa makunni, ya rufe gefe da sama, kuma kowa da ke ɗakin ya sa, yara dai a waje. Idan ya tsage ko ya koɗe, canza shi. An yi shi ne ya jure haske kai tsaye na 'yan daƙiƙu har ka kau da kai, don haka akwati mai murfi a kan na'urar yana nan dole. Wanda haske ya shiga idonsa ya ga likitan ido a ranar, ko da bai ji komai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗora daga inda muka tsaya.