Godiya bayan aikin hantar Baba a Jidda

Alhamdu lillahi, an sallami Baba. Mun dawo Makka, ya fara shan kunu, zazzaɓin ma ya sauka.

Da yawa kun tambaya ko tiyata aka yi masa. Ba a yanka shi ba. Ciwon hanta nau'in B ya daɗe yana cin hantarsa bai sani ba, ƙarin da ya fito a kanta kuma likitoci suka ce ba zai ciru ba. Sai suka zaɓi aikin da suke kira TACE. Likita ya huda matsematsinsa, ya zura wata siririyar roba cikin jijiyar jini, yana duban allo yana tura ta har ta kai jijiyar da ke shayar da ƙarin. Nan ya zuba maganin sankara, doxorubicin, ya bi da wasu 'yan ƙwayoyi suka toshe hanyar. Ya bayyana mana cewa irin wannan ƙari daga jijiyar nan yake samun kusan duk jininsa, ita kuwa lafiyayyar hanta mafi yawan nata ta wata jijiya yake zuwa daga hanji. Shi ya sa ake iya datse wa ƙarin hanya, hanta ta ci gaba da aikinta. Baba idonsa biyu aka yi komai, yana ta salati.

Likita, Allah ya saka maka da alheri, ka zana mana hanta a takarda har Inna ta gane. Sai ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Sudan, jikar mutanen Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani da ke can Sudan. Bayan aikin dole Baba ya kwanta awanni bai lanƙwasa ƙafa ba, ga amai, ga ciwon gefen dama. Ita ta zauna tana lallashinsa da Hausa, "Baba, daure, saura kaɗan." Ba za mu manta da ita ba.

'Yan uwa na unguwar Shara Mansur a nan Makka da suka haɗa mana riyal ba mu roƙa ba, maƙwabcin da ya yi ta kai mu Jidda bai karɓi kuɗin mai ba, dangi na Kano da suka sauke Alƙur'ani, Allah ya biya ku da Aljanna.

Likita bai ɓoye mana ba, aikin yana rage ƙarin ne, kuma wataƙila a maimaita. Bayan wata guda za a sake ɗaukar hoto. Mu 'ya'yansa an ce duk mu je gwajin ciwon hanta, mun fara zuwa.

Don Allah masu aiko da sassaƙe da jiƙo, mun gode da kulawa, amma an hana shi sha saboda hantar. Masu son dubiya ku zo bayan la'asar, lokacin ya fi samun ƙarfi. A ci gaba da sa shi a addu'a.