Kwali Uku a Ƙarƙashin Gado

A ƙarƙashin gadona a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, akwai kwalaye uku. Baƙo in ya hango su sai ya zaci kayan lefe nake tarawa. Littafina na farko ne a ciki, kwafi ɗari uku da 'yan kai, kuma babu ko ɗaya da zan iya miƙa wa mutum in karɓi kuɗinsa ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Aikina na rana a Suame Magazine yake, unguwar makanikai ta Kumasi, a shagon kayan gyaran mota. Ni ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ni ke bin bashi. Bakwai da rabi ina bakin shago, ba na tashi sai magariba ta kawo jiki. Wanda ya san Magazine ya san ba wurin tunani ba ne: ga guduma, ga walda, ga ciniki da Twi da Hausa a cakuɗe. Shekara biyu ina ce wa kaina ranar da na bar aikin nan, ranar zan zama marubuci. A shekara biyun, shafi goma sha ɗaya na rubuta.

Na gwada rubutun dare, gajiya ta kayar da ni, wani lokacin kuma a ɗauke wuta. Abin da ya karɓe ni shi ne bayan sallar asuba. In na dawo daga masallaci ba na komawa shimfiɗa, sai in zauna in rubuta kalma ɗari uku kafin mai koko ta fito da tukunya. Ba yawa, amma kullum ne. Abin da ya zo mini a cikin trotro, ƙaramar bas ɗin haya, sai in danna a waya.

Sau ɗaya na yi gangancin haɗa biyun. Na riƙa rubutu a shafukan baya na littafin bashi, har ranar da maigidana Alhaji ya buɗe, ya gyara tabarau, ya ce, "Kai yaro, wane ne wannan Madugu, kuma nawa muke binsa?" Aka yi dariya. Amma a makon nan na rubuta wa wani makanike kuɗin da ba daidai ba, hankalina na can cikin daji tare da jakuna, kuma daga albashina aka cire gibin. Tun ranar, lokacin shago na shago ne.

Labarin almara ne. Ayarin fatake ya taso daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, da madugunsa da jagabansa da malamin ayari, suka iso Salaga, garin rijiyoyi, suka tarar wata aljana ta riƙe ruwan. Daga bakin kakata na ɗauko tushensa. Ita ke ba mu labarin yaƙin Salaga na 1892 da ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa, ita ke ambaton Alhaji Umaru, malamin da ya yi waƙoƙi da ajami kuma ya rasu a can Krachi a 1934. A rubutun farko aljanar tana iya komai, labarin kuwa ya yi lami kamar miya ba gishiri. Littafin bashi ne ya gyara mini ita. Na mayar da ita mai ba da bashi: duk guga ɗaya da ka ja, za ta karɓi sunan wani da kake ƙauna, ka wayi gari ka manta shi. Na buɗe mata shafi irin na shago, wa ya sha, me ya biya, saura nawa. Daga nan labarin ya miƙe da ƙafarsa.

Na gama a 2022, shekarar da ba ta dace da buga komai ba. Dala ta tashi daga wajen sidi 6, kuɗin Ghana, a farkon shekara zuwa sama da 13, takarda kuwa daga waje ake shigo da ita, don haka farashin da aka faɗa mini a watan azumi ba shi na tarar ba bayan babbar salla. Na kwashi adashena, na nemi lambar rajistar littafi ta ISBN a ɗakin karatu na George Padmore da ke Accra, na kai aikin wani gidan ɗab'i a nan Kumasi. Kwafi 400.

A nan na yi wautar. Ina shago, ciniki ya yi zafi, sai na tura musu rubutun ta WhatsApp yadda yake a Word, ban mayar da shi PDF ba. Suka ce in zo in duba gwaji, na ce su ci gaba, na yarda da su. Kwamfutarsu ba ta da irin haruffan da na yi amfani da su, su kuma ba sa karanta Hausa. Da na yanke igiyar kwalin farko na buɗe shafi, sai na ga duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suke, wani ɗan akwati ne fanko a zaune. Ƙofa ba kai, ɗan madugu ba kai, ɓarawo ma bai tsira ba. Na zauna a kan kwalin har aka kira la'asar. Rabin yini na ƙi nema a wurin Alhaji, ya ci mini adashen shekara.

Mahaifiyata ce ta fitar da ni. Ta ɗauki kwafi ɗaya, ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Ni ko da akwatin ko babu akwatin ba iyawa zan yi ba. Karanta mini in ji." Na ce, "To, Mma." Ina karantawa maƙwabta suka fara jawo kujeru.

Abin da ya kamata in gane tun farko ke nan. A Zango, unguwannin masu jin Hausa a Ghana, muna kwana da Hausa muna tashi da ita, amma ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati a Ghana. Abokina da ke karanta jaridar Turanci kamar ruwa, in ka ba shi Hausar boko sai ya riƙa tuntuɓe yana haɗa baƙi. Mutanena da kunne suke karatu. Na ɗauki babi na farko a waya, na rufe taga da bargo saboda kukan zakara, na tura wa yayata a unguwar Nima da ke Accra. Kafin Juma'a ta zagayo, lambobin da ban sani ba suna tambayar ci gaba.

Yanzu kowace Juma'a nake sakin babi, minti goma sha biyu. Uku na farko kyauta, sauran a biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Masu son rubutu, galibinsu daga Najeriya da Nijar, ina tura musu PDF. Wata malama a Kano ta duba mini shi, ta cika shi da jan biro, don mu nan "mace ya zo" muke cewa ba ruwanmu. Na karɓi gyaranta a bakin mai ba da labari. A bakin mutanen Zango da ke cikin littafin kuwa na bar maganarsu yadda take, ta yi ta mita, ban canza ba.

Kuɗin da ke shigowa bai kai na haya ba. Yana sayen data, ya sayi 'yar makirfo, wata mai kyau ya rage na cefane. Shago ke ciyar da ni, shi ya sa zan iya ɓata wata biyu a kan babi ɗaya ba wanda ya shaƙe ni.

Mai ƙosan layinmu ta yi tayin sayen kwalayen don ƙunshi. Na hana, akwai sunan Allah a shafukan. Alhaji kuwa yanzu yana cikin masu saurare, bai taɓa biya ba. Ranar Asabar da za mu rufe shago ya tsaya da kwaɗo a hannu, ya ce, "Yaro, jakin nan mai ɗingishi, in ka bari aljanar nan ta taɓa shi, kada ka zo mini Litinin."