Wata uku ina lallashin bindigata kafin ta yarda da harsashi ɗaya

Tun farkon Yuni kusan babu Asabar ɗin da ta wuce ban je filin gwajin harbi ba, tafiyar awa ɗaya a mota daga inda nake zaune a nan Kolorado, duk fa a kan bindiga ɗaya, wata .300 Winchester Magnum da na saya ta hannu saboda farautar elk. Wanda bai san elk ba ya ƙaddara gwanki ne, sai dai namijin yakan fi gwanki jiki, ƙahonsa kuma rassa-rassa kamar busasshiyar bishiya, yana can cikin duwatsu inda sau tari ba zai bari ka matso ƙasa da yadi 200 ko 300 ba.

Kwali biyu na harsashin kanti na fara gwadawa. A yadi 100 sai da suka watsu inci biyu da rabi, ka lissafa da kanka, a yadi 300 ya zama wajen inci bakwai zuwa takwas ke nan, ba a ma sa iska ba, ba a sa hakin hawan dutse da rawar hannu ba. Wallahi abin da ya hana ni sukuni shi ne in ce Bismillah in ja kunama in sami dabbar a tumbi, ta gudu da raunin ta je ta mutu a wani kwari bayan kwana biyu, ta zama mushe, ni ban ci ba ita kuma ta sha azaba. Wannan alhakin ba na son ɗaukarsa. Shi ya sa na fara ɗura harsashi da kaina, wato in zuba albarushi a kwanso in dasa masa kai, wanda a nan doka ta yarda da shi, a Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ya haɗa harsashi ba da izini ba, don haka kada wani a gida ya ce ni na sa shi.

Kakana maharbi ne, da adaka yake fita. Ina tuna shi zaune kan buzu yana zuba albarushi a tafin hannu, ya juye a bututu, ya tura tsumma, ya daka da sandar ƙarfe, sannan ya auna abin da ya rage na sandar a waje da yatsunsa. Amma shi sai ya yi sanɗa ya matso taku ashirin kafin ya harba. Wannan tawa ƙarfin da ke tashi a cikinta lokacin harbi an ƙayyade shi kada ya wuce psi 64,000, wato matsin fam 64,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma fuskarka tana nan daf da wurin. Tafin hannu ba ya aiki a nan, sikeli ne, ana awo da giren, giren 7,000 ke yin fam ɗaya, kuma kashi ɗaya cikin goma na giren ɗin nake bi.

Abin da ya fara ba ni wahala kwanso ne. Su waɗannan magnum ɗin suna da wata ɗamara a gindin kwanson, gado ne daga harsashin .375 H&H da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, Winchester ta ɗauki wannan gindin ta gina nata a kai a 1963. To ɗamarar ce ke tsayar da sabon kwanso a cikin bindiga, gaba kuma akwai ɗan sarari, duk harbin da ka yi sai tagullar ta miƙe ta cike sararin, in ka sake matse shi ya koma yadda yake sabo sai ya sake miƙewa, a haka yake sirancewa daidai gaban ɗamarar har wata rana ya tsinke biyu. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin shi ya ɗauki kwansona da na ɗura sau uku, ya lanƙwasa bakin wata 'yar waya ya zura ciki yana shafa bangon, ya miƙo min ya ce in ji da hannuna. Na ji wani ɗan rami a zagaye. Ranar na zubar da guda goma sha ɗaya. Daga nan na koyi in matsa kafaɗar kwanson baya da kashi 2 cikin 1,000 na inci kawai, iya yadda sakatar bindigar za ta rufu ba gardama.

Kan harsashin kam ban yi dogon shawara ba, Nosler Partition mai giren 180. Labarinsa ma ya dace da damuwata, John Nosler ya harbi wani mus, dabba ce dangin elk amma ta fi shi girma, da jikinsa ya sha taɓo a yammacin Kanada a 1946, harsashin ya farfashe bai shige ba, ya koma gida ya ƙera wanda ke da bango a tsakiya, gaban ya buɗe bayan ya ci gaba da nutsawa, ya fara sayarwa a 1948. Albarushi kuma mai ci a hankali ake sa wa babban kwanso irin wannan, na ɗauki H1000 da firaima Federal 215, firaima ita ce 'yar hular gindin kwanso da ke kunna albarushin. Ba zan rubuta adadin da na zuba ba ko an tambaye ni a ɓoye, kowace bindiga da nata cikin, ka buɗe littafin kamfanin ka fara daga awon farko da suka ba ka, kada ka yi ƙasa da shi, ka riƙa hawa rabin giren rabin giren kana duba kowane kwanso.

A Yuli ne na kusa jawo wa kaina. Na sami aron na'urar auna gudu, sai son lamba ya shige ni, ina ta hangen ƙafa 3,100 a sakan. Rana ce mai zafi, wajen digiri 35, kwalin harsasan kuma na bar shi a buɗe kan tebur rana na dukansa. Harbi na biyu na awon da ya fi yawa, na zo ɗaga sakata ta ƙi, sai da na sa gindin tafi na buga. Da kwanson ya fito ga firaimar ta baje ta cike gefenta, ga wani ɗan da'ira mai sheƙi a kan rubutun gindin. Jikina ya yi sanyi. Na tattara kayana, na dawo gida na zauna a gareji na zare kan sauran guda tara ɗaya bayan ɗaya na mayar da albarushin gwangwani. Kuma fa ban wuce iyakar littafi ba, bindigar ce ta kai nata iyakar kafin littafin.

Sai kuma yaudarar harbi uku. Akwai Asabar ɗin da wani awo ya ba ni huda uku suna taɓa juna, rabin inci, har hoto na ɗauka na tura wa abokai. Sati na gaba awon nan dai, kwanson nan dai, inci ɗaya da rabi. Dace ne kawai. Tun daga nan ba na yarda da awo sai na harba uku-uku sau biyar a ranaku daban, a kan takarda ɗaya, in ga duka sha biyar ɗin a wuri guda. Kuma dole ka jira, bututun farauta siriri ne, harbi uku ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, sai in zauna minti goma sha biyar ina shan shayi a fulas. Kafaɗa ma tana da nata, bayan harbi sha biyar na lura ina runtse ido kafin ƙarar, dattijon nan ya saka min harsashin wofi a tsakiya ban sani ba, na ja kunama ba abin da ya tashi amma bakin bindigar ya yi ƙasa kowa na gani. Ashe wasu awon da na yar ba laifinsu ba ne.

Zurfin da ake dasa kan harsashin ban sha wuya da shi ba, gidan harsashin bindigar ba ya karɓar abin da ya wuce inci 3.340 sosai, wuyan kwanson kuma gajere ne bai ma kai faɗin harsashin ba, na gwada tsawo uku na ɗauki na tsakiya.

Wanda na tsaya a kai yana tafiya wajen ƙafa 2,940 a sakan, ƙasa ma da abin da aka rubuta a kwalin kanti, bambancin mafi gudu da mafi ƙarancin gudu bai kai ƙafa 25 ba, sha biyar ɗin kuma sun zauna cikin inci ɗaya da kwata. Wani zai ce bai kai abin nunawa ba, ni kam ya ishe ni, domin na ga ya maimaita kansa sau biyar. Na kira Kawu na ba shi labari, ya yi shiru ya ce "ɗan nan, duk wannan lissafin, ka iya sanɗa kuwa?" Na ce ina koyo Kawu. Ya ce to in riƙa duba inda iska ke kaɗawa tun kafin in taɓa bindigar, haka Baba ke yi da toka a ɗan ƙyalle.

Saura abu ɗaya. Duk gwajin nan cikin zafi na yi shi, farautar kuma ƙarshen Oktoba ce, a can sama inda ruwan gora ke daskarewa da asuba, sanyi kuma yana rage wa albarushi ƙarfi. Na ɗura guda ashirin na rubuta kwanan wata a murfin. Jiya na kwana da bindigar da harsashi biyu a gareji, na isa filin bayan sallar asuba bututu da sanyinsa, harbi ɗaya tak a yadi 300, ya faɗi inci biyu ƙasa da inda na sa rai. Na rubuta a littafi. Asabar uku suka rage, kowace zan yi irin wannan harbi ɗayan, in duk suka faɗi nan sai in gyara saitin madubin.