Duna a Hanyar Ɗa'if

Yara ne suka fara rigimar a kai su wurin lilo, sai Kawu ya ce shi ma da shi za a je. In Kawu zai fita kuwa, to da Duna za a fita.

Duna kare ne baƙi wuluk, jinsin Labrador, wanda aka horar a Ingila don ya yi wa makaho jagora. Yana da sunansa na Turanci, amma ranar da ya iso gidanmu a Jidda Hajiya ta leƙo ta ce, "Wannan dunan ne ɗan jagoran?" Shi ke nan suna ya bi shi. Shigo da shi ya ci takardu, don Saudiyya ba ta yarda a shigo da kare sai na farauta, na gadi, ko na jagorar makafi. Hajiya ta haife mu a nan, a nan ita ma ta girma, a wurinta yawun kare najasa ne, magana ta ƙare. Kawu kuma sai ya ɗauko mata Malikiyyar kakanninmu na Kano, ya ce a wurin Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne. Aka yi sulhu a kan cewa ba zai taka dardumarta ba.

Da sanyi ya zo, bai san Agustan Jidda ba. Ni da na san shi, ni ce na yi wautar. Na ce mu fita ƙarfe 5 bayan la'asar, wai rana ta yi sanyi. Motar ma tana nuna zafi digiri 39, ban kula ba. Muka nufi wani wurin wasa a bakin teku, na ajiye mota can nesa, muka tako kwalta har ƙofa. A ƙofar aka tsayar da mu, mai gadi bai taɓa ganin kare da takardar aiki ba, sai da ya kira na gaba da shi. Muka yi kusan minti 20 a tsaye.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, karen da aka horar ba ya kai ƙara. Muddin ɗamarar aiki na jikinsa, zai tsaya inda aka ce ya tsaya ko da ƙasa na cin ƙafarsa. Na ga yana ɗaga ƙafa ɗaya yana saukewa, na ɗauka ƙosawa ce. Kawu ne ya karkata kai ya ce, "'Yar nan, numfashinsa ya canja. Duba min harshensa."

Na duba. Harshen ya zubo, ya yi faɗi kamar ludayi, ya yi ja har yana neman komawa shuɗi, ga yawu mai kauri yana dalala. Na dafa kwaltar da bayan hannuna, ban ƙirga uku ba na janye.

Kawu ya kwance ɗamarar da kansa, da lalube. Muka ja shi ƙarƙashin rumfa, na tsiyaye masa duk robobin ruwan da ke jakata a wuya da ciki da cinyoyi. Na kawo tawul zan lulluɓa masa, Kawu ya ji motsina ya hana, ya ce a can inda aka koya masa an ce lulluɓi zafi yake riƙewa, iska ake so. Hajiya, wadda ko inuwar Duna ba ta son takawa, ita ce ta ciro kwalin biskit ta shiga yi masa fifita tana salati. Daga nan sai mota, na ƙure na'urar sanyi, sai wurin likitan dabbobi. Yara na kuka a baya, lilo ko ƙofarsa ba su shiga ba.

Likitan ya auna, 40 da ɗoriya. Ya ce zafin jikin kare mai lafiya tsakanin 38 ne da 39, in ya haura 41 sai a fara jin tsoron ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ya yi mana bayanin da na so a ce na ji tun da safe. Kare ba ya gumi irin namu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, danshin baki na tashi yana tafiya da shi. A Jidda kuwa iskar kanta a jiƙe take da tururin teku, saboda haka haki yake yi a banza. Ya ce ƙasar da ta hana ma'aikata aiki a rana daga 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ai kare mai baƙar riga ya fi cancantar hutun. Kuma kwalta ba ta sakin zafi don rana ta karkata. Gwajin da ya ba ni mai sauƙi ne: bayan hannu a ƙasa, in ban iya ƙirga 7 ba, Duna ba zai taka ba.

Bayan kwana 10 muka biya wa yara bashinsu, amma a Ɗa'if.

Da asuba muka tashi. A Shumaisi, shingen bincike kafin a shiga Makka, Hajiya ta ce ba za a ratsa Makka da kare ba, Kawu bai yi musu ba wannan karon, sai na bi hanyar da ke kewaye garin, wadda waɗanda ba Musulmi ba suke bi. Ta ƙara mana tafiya, ba kowa a kanta sai manyan motoci da duwatsu. Daga nan muka kama hawan Al-Hada, hanya tana murɗewa kamar igiya, kunnuwa na toshewa, lambar zafi a gaban mota na sauka ɗaya bayan ɗaya. Can sama, wajen mita 2,000 daga teku, na zuge gilashi kaɗan, iskar da ta shigo busasshiya ce kamar ta farkon hunturu a Kano, yadda Kawu ya faɗa. Ni ban taɓa ganin hunturun Kano ba.

Ba mu daɗe da zugewa ba na mayar. Birai ne cike da gefen hanya, manyan nan masu jan gindi, mutane na jefa musu ayaba. Wani ƙato ya hau kan bonet ya leƙo, suka haɗa ido da Duna. Duna ko gurnani bai yi ba, ya dai ɗora haɓa a gwiwar Kawu. Yara suka ce a fita a yi hoto, na ce ko da kuɗi.

Ranar Ɗa'if ma tana da cizo, don haka muka yi zamanmu a masauki muna ɓare rumman har magariba. Wannan karon na riga na buga waya wurin wasan na yi bayanin kare, ba a tsayar da mu ba. Ƙarfe 8 na dafa ƙasa, na ƙirga har 15 don in tabbata. Jakata ta koma ta mai jego: kwanon roba mai naɗewa, ruwa lita 4, ƙaramar fanka mai caji, da takalmansa guda huɗu, waɗanda yake tafiya da su kamar agwagwa. Su ma ba mu bar su a ƙafarsa ba in an zauna, tunda ta nan ɗan gumin nasa yake fita. Duk minti 20 sai a cire ɗamara, a sha ruwa kaɗan, a huta. Ni ke duba harshe da dasashi, Kawu ke sauraron numfashi, kuma sau biyu ya riga ni cewa a zauna.

Da aka zo babban lilon mai kewayawa sama, Kawu ya miƙo min igiya ya ce, "Riƙe min shi, yau sai na hau." Na ce, "Kawu, me za ka gani a can?" Ya ce, "Iska zan sha, ke da kike da ido kin gan ta?" Yara suka kama hannunsa hagu da dama suka tafi da shi.

Duna ya bi shi da kallo har sama, duk zagaye sai ya ɗaga kai, ya ƙi kwanciya. Hajiya ta gyara zama a bencin, ta tattare bakin abayarta kada ya taɓa, sannan ta tura masa kwanon ruwa da ƙafa.

"Sha," ta ce masa. "Zai sauko."