Yau Ta Yi Magana

Talata, bayan sallar Isha

Yau satina biyar cif da fara koyarwa a ajin nazare. Na gaji liƙis, amma sai na rubuta wannan kafin barci ya ɗauke ni, don ba na so in manta yadda abin ya faru.

Na bar Ɗorayi ƙarfe bakwai saura kwata, hazo ya rufe gari, mai adaidaita sahu ya naɗe fuskarsa sai ido kawai. Hunturun nan yana wahalar da yarana. Suna isowa cikin rigunan sanyi da suka fi ƙarfinsu, hanci na zuba, leɓe a tsattsage. Tun satin jiya na fara ajiye kwalbar basilin a jakata, kuma Iya ce ta ba ni shawarar. Iya ita ce dattijuwar da ke taya ni kai su bayi da wanke musu hannu, ta fi shekara goma a makarantar. Ta ce da ni, "'Yata, shafa musu tun a bakin ƙofa. Yaron da leɓensa ke zafi ba zai saurare ki ba." Gaskiyarta. Yanzu har layi suke yi, kowa ya turo baki.

Su 34 ne a ajina, 'yan shekara uku zuwa huɗu. A kwaleji mun karanta cewa tsarin ilimi na ƙasa ya ce kada su wuce 25 ga malami ɗaya. Taran da suka ƙaru ina jin su a ƙafafuna da maƙogwarona.

Darasin safe na lissafi ne. Na juye marafan kwalaben lemo a tabarma, waɗanda mai shagon layinmu yake tara mini, kowa ya ɗebi biyar. Sannan na fito da tiren yashi. Lokacin da muke NCE, wato karatun horar da malamai, an ba mu labarin Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, wadda ta lura cewa yaro da yatsa yake fara koyon rubutu kafin fensir. A lokacin haddacewa na yi don jarrabawa. Sai yau da na ga wani yaro ya zana 3 a yashi, ya share da tafin hannu, ya sake, ya sake, har sau bakwai ba wanda ya sa shi, harshensa a waje don tsabar mai da hankali, sannan na gane abin da matar ta gani.

Da aka fita tara an yi abin da aka saba. Zoɓo ya zube mini a hijabi, biyu sun yi rigima a kan ƙosai, ɗaya bai kai bayi ba, Iya ta canja masa wando ba tare da kowa ya lura ba.

To, ga dalilin rubutun.

Akwai yarinyar da aka kawo sati uku da suka wuce. Ba ta kuka, ba ta rigima, amma ko uffan ba ta taɓa ce mini ba. Tana shigowa sai ta tsaya jikin ƙofa, ta rungume gorar ruwanta da hannu biyu. Mahaifiyarta ta ce a gida kamar aku take. Na yi lallashi, na yi alawa, na ɗauke ta a cinya, shiru. Abin ya dame ni ƙwarai, har na kwana ina tunanin ko tsorona take ji. Iya ta ce in daina matsa mata, in dai riƙa bar mata wuri kusa da ni a tabarma. Sati guda ke nan ina barin wurin. Jiya ta zauna a bakin tabarmar. Yau ta matso har gwiwarta na taɓa tawa.

Bayan tara nake yi musu tatsuniya, minti goma sha biyar, kuma da Hausa. Na san iyaye da yawa Turanci suke so su ji a bakin 'ya'yansu, don shi suke biyan kuɗin makaranta, ban kuma ga laifinsu ba. Amma na roƙi shugabar makaranta ta bar mini wannan ɗan lokacin, ta kuwa amince. A ganina yaro ɗan shekara uku sai ya sake da kai tukuna yake karɓar baƙon harshe daga bakinka.

Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Suka ɗauka baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta!" Na kawo ta Gizo da hankaki, yadda suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, ya yi ta cewa kowane ɓaure nasa ne, har suka fusata kowa ya zare gashinsa suka tashi suka bar shi a kan reshe. Na maƙe murya irin ta Gizo, na ɗaga ƙafa ɗaya kamar zan yi tsalle. Sai na ji an ja mini hijabi.

"Anti, zai faɗa ruwa!"

Muryarta 'yar siririya, a ɗan dishe. Idonta a waje, ta ma ajiye gorar a ƙasa. Na so in rungume ta, amma na daure, don kada hankalin aji ya dawo kanta ta koma cikin shirunta. Na ce, "To, ya za mu yi masa?" Ta ce, "A mayar masa da gashinsa." Wani daga baya ya ce a'a, ai marowaci ne. Nan fa gardama ta kaure, har da ita a ciki. Na ɗaga kai na ga Iya tsaye bakin ƙofa da buta a hannu, tana murmushi.

Da aka tashi ƙarfe goma sha biyu da rabi na gaya wa mahaifiyarta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, Allah ya saka da alheri." Yarinyar ba ta ce mini sai gobe ba, amma da suka kai bakin get ta waiwayo ta ɗaga gorar.

Na wanke hijabin, jan zoɓon bai fita duka ba. Na roƙi Umma ta tsinto mini gashin kaji a bayan akurki, gobe kowa zai riƙe ɗaya ya zama hankaka. Zan ajiye mata mafi tsawo, ita za ta yanke ko a mayar wa Gizo.