Jinginar kuɗin shari'a a rikicin dukiyar tsoffin ma'aurata a Niyu Zilan

A Niyu Zilan, dokar dukiyar ma'aurata ta 1976 ta tanadi cewa idan zama ya kai shekara uku, gidan da aka zauna da kayan cikinsa da abin da aka tara tare, raba-daidai ake yi. A Kotun Iyali ake fara shari'ar, wani lokaci a mayar da ita Babbar Kotu. Ana cikin haka sai wanda aka yi ƙara ya ce wa alƙali, mai ƙarar nan ba ta da abin biyana in ta faɗi, a sa ta ajiye kuɗi tukuna.

A Babbar Kotu, doka ta 5.45 cikin ƙa'idojin kotun na 2016 ta ba da ƙofa biyu: ko mai ƙara na zaune a ƙasar waje, ko akwai dalilin gaskata cewa ba zai iya biyan kuɗin shari'ar abokin hamayya ba. Zargi kawai ba ya wadatarwa, sai da takardar rantsuwa mai hujja, kamar bashin da kotu ta yanke aka kasa biya. Ko hujjar ta tabbata, alƙali na da zaɓi. In ya amince, sai a zuba kuɗin a kotu ko a kawo jinginar da ta gamsar, kuma yana iya dakatar da shari'ar har a biya.

A nan ne masu neman jinginar ke yawan tuntuɓe. Matar da ake cewa ba ta da ko sisi, sau da yawa rabin gidan nata ne, kuma daga kasonta za a iya cire kuɗin a ƙarshe. To me za a jingina kuma? Sannan in gidan da kamfanin da asusun banki duk suna hannun mijin, shi ne silar rashin nata, kuma alƙalai na lura da haka. Tun a shari'ar McLachlan ta 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce umarnin da zai hana mutum bin haƙƙinsa sai an yi dogon nazari, kuma sai damar nasarar ƙarar kaɗan ce. Wanda gwamnati ke biya wa lauya kuwa, sashe na 45 na dokar ayyukan shari'a ta 2011 ya hana a ɗora masa kuɗin shari'a sai da wani dalili na musamman. Jinkiri ma na kashe buƙatar. Wanda ya bari sai ana dab da zama, an san matsin lamba yake nema.

Buƙatar ta fi ƙarfi idan an riga an yi rabo da rubutacciyar yarjejeniya, wani ya dawo yana son a rushe ta, ko ya koma ƙasar waje bai bar kadara ba.

Ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu daban ce, jingina ita ce ƙa'ida. Doka ta 20.13 ta ce a ɗauki rabin kuɗin lauya na yini da ƙa'idojin suka ƙayyade, a ninka da yawan rabin yinin da zaman zai ci. Zaman yini ɗaya, kuɗin yini ɗaya ke nan. Ana biya cikin kwanakin aiki 10 bayan zaman tsara shari'ar, sai dai in alƙali ya yafe ko ya sauya wa'adin.