Kwalbar da ta daskare a Jos

Jiya na miƙa makullan ɗakin gwaje-gwaje bayan shekara shida, amma har yau in na tuna da kwalbar nan sai raina ya sosu.

Janairu ne, hunturu ya kankama, watana uku kacal da kama aiki. Da sassafe na buɗe sito na tarar babbar kwalbar asetik asid, sinadarin da ke sa ruwan khal tsami, ta zama ƙanƙara, wasu tsinkaye kamar allurai sun manne a jikin gilashin. Gabana ya faɗi. Maimakon in karanta takardar da ke jikinta, sai na ruga na shaida wa oga cewa kaya sun lalace. Wannan laifina ne, na amsa.

Oga ya leƙa, ya ce, "Malam, rabi ka ɗiba ka cike da ruwan famfo, shi ya sa ta daskare." A gaban ɗalibai fa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa ta ba." Da azahar ta narke, ya ce ai ga shi nan, ruwa ne. Wata biyu ana yankar kuɗinta a albashina.

Da daddare na zaro littafina na makaranta. Asetik asid tsantsa yana daskarewa a digiri 16.6 na ma'aunin Selshiyos, safiyar Jos kuwa cikin hunturu takan sauka ƙasa da haka. Shi ya sa ma ake kiransa gilashiyal, daga kalmar Latin mai nufin ƙanƙara. Ruwa kuma, in ya shige shi, saukar da wannan mataki yake yi. Ruwan khal na girki, mai kusan kashi 5 cikin 100 na asid ɗin, sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili yake daskarewa. Ashe ƙanƙarar ce shaidata! Da na tsarma ta da ruwa kamar yadda ya ce, da ba ta daskare ba. Na kai masa littafin, ya ce ko kimiyya na zo koya masa. Ko sisi bai dawo ba.

Sauran a hankali na koye su. In ta daskare, a sassauta murfin a tsoma ta cikin ruwan ɗumi, kada a kai ta kusa da wuta, don tururinta kan kama wuta tun daga wajen digiri 39. Kiransa asid mai rauni na nufin kaɗan ne daga cikinsa ke rarrabuwa a ruwa, amma fata yana cinta. Tabon babban yatsana na nan. Kada a kafa masa hanci, a fifito warin da hannu. In yara sun gaji da alli, ɗiga ruwan khal a kan kanwa ka bar su da kumfa.

Kafin in fito na rubuta 16.6 da jan fenti a kantar da kwalbar take. Oga ta nan yake wucewa kullum da safe.